Izinin Shiga Daban, Izinin Zama Daban

Sanannen abu ne a ƙasar Miga cewa da zarar kaka ta wuce, an kimtsa amfanin gona a rumbu, samari kan ɗaure komatsansu su fita ci rani, wasu su tsaya Kano ko Ikko, wasu su ƙetare iyaka a Maigatari su nufi Damagaram, wasu kuwa su nausa har Kumasi, inda Hausawa suka kafa zango tun zamanin fataucin goro. Neman halal ibada ne, babu mai musu, amma wajibi ne matafiyi ya san sharuɗɗan ƙasar da ya nufa tun bai sa ƙafa a mota ba.

Yarjejeniyar da ƙasashen ECOWAS suka ƙulla a Dakar cikin 1979 ta halatta wa ɗan kowace ƙasa daga cikinsu ya shiga 'yar'uwarta ba tare da biza ba, ya yi kwana 90, muddin yana riƙe da fasfo ko takardar tafiya ta ƙungiyar, da katin allurar rigakafi. Iyakar abin da jama'armu suka ji ke nan, alhali wanda ya yi nufin zarce wannan wa'adi don ya kama aiki ko sana'a, lalle ne ya nemi izinin zama daga hukuma, kuma ko ya samu akwai ƙofofin da ba za a buɗe masa ba, domin aikin gwamnati na 'yan ƙasa ne, dokar Gana ta 2013 ma ta keɓe talla da kasa kaya a kasuwa ga 'ya'yan ƙasar kaɗai, har aka sha garƙame shagunan 'yan Najeriya a Kumasi.

Dattawa ba su manta da 1969 ba, sa'ad da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar Gana, mutane suka karyar da gida da shago a kan abin da bai taka kara ya karya ba. Mu ma, in za a faɗi gaskiya, mun aikata irinsa a 1983, zamanin Shagari. Ga shi Nijar ta fice daga ƙungiyar tun Janairun 2025, ko da yake ɓangarorin biyu sun lamunta a ci gaba da shige da fice, lamuni kuwa ana iya janye shi. Libiya da Aljeriya dama ba su cikin wannan alkawari, wanda aka kama a Aljeriya ba takarda sau da yawa a hamadar Assamaka ake zube shi.

Saboda haka, ɗan'uwa, kafin ka sayar da akuya ka yi guzuri, je ofishin shige da fice a Dutse ka yi takardarka da kanka, kada ka danƙa ta a hannun dillali.