Ko Kun Sani?

Lambobin yabon da aka rataya wa zakarun gasar Olamfik ta Tokyo 2020, daga tsofaffin wayoyi da ƙananan na'urori aka ƙera su. Daga Afrilun 2017 zuwa Maris na 2019 an ajiye akwatuna a faɗin Japan, jama'a na zuba na'urorin da suka daina amfani da su. Kamfanin NTT Docomo kaɗai ya tara wayoyi sama da miliyan 6. Da aka narke su, an samu zinare kimanin kilo 32, azurfa kilo 3,500 da tagulla kilo 2,200, aka ƙera lambobi kusan 5,000. Ita kanta lambar zinaren, azurfa ce aka shafe da zinare.

Zinaren da ke cikin waya ɗaya bai taka kara ya karya ba, sai an tara da yawa. Amma barin tsohuwar waya a durowa ba dabara ba ce, domin batirinta na iya kumbura har ya kama da wuta. Ku cire layi da memori, ku goge hotuna da bayanan banki, sannan ku sayar ko ku ba ƙannenku. Kada ku jefa ta a bolar da ake ƙonawa.