Kula da kitso

Kula da kitso shi ne matakan da ake bi tun kafin a zauna gaban makitsiya har zuwa ranar tsifa, domin gashi ya zauna da laushi da sheƙi, kada ya tashi ya yi buzu-buzu, kada kuma ya kakkarye ko ya zube. A ƙasar Hausa yawancin mata da 'yan mata suna da gashi mai murɗe, wanda yake saurin bushewa, saboda haka kitso ado ne kuma hanya ce ta adana gashi. Yadda ake kula da shi ya danganta da irin gashin, da yanayin gari, da kayan da ake samu a kasuwa. Garin Illela na Jihar Sakkwato, da ke bakin iyakar Najeriya da Nijar, misali ne na wurin da iska da ƙura suke sa wannan aiki ya zama dole.

Kalmomi

Kalmar kitso suna ce da ta fito daga aikatau kitsa. Ana liƙa ɗafa-goshi na ma- a samu makitsiya, wato mai sana'ar, jam'inta makitsa. Haka aka samu mataji daga taje. Kwance kitso shi ne tsefe kai, aikin kuma tsifa. Layin da ake ja a fatar kai don raba gashi shi ne tsaga. Daga cikin sunayen kitso akwai zane, shuku, kalaba, doka da kitson Fulani. Idan ƙananan gashi suka fito daga jikin kitson, sai a ce kitso ya tashi ko ya tsufa.

Kalmar ta shiga salon magana. Ana cewa an kitsa ƙarya ko an kitsa makirci, wato an tsara shi daki-daki. Ana kuma cewa an yi kitso da ƙwarƙwata idan aka kammala wani al'amari alhali ɓarnar tana cikinsa. A Sakkwatanci da Hausar Nijar an fi jin kallabi inda Kananci ke cewa ɗankwali. Baƙin kalmomi kuwa ta hanya biyu suke shigowa yankin iyaka: shamfu da basilin daga Ingilishi, sunayen wasu kayan kuma daga Faransanci ta ɓangaren Nijar.

Yanayin gashi mai murɗe

Silin gashi an gina shi ne da sinadarin keratin. Bayansa yana lulluɓe da ɓawo mai hawa-hawa kamar ɓawon kifi. Idan ɓawon ya kwanta, silin yana yin santsi, haske ya faɗa a kansa ya dawo, shi ne sheƙin da ido ke gani. Idan ɓawon ya ɗaga, gashi yakan yi kaushi, ya dushe, ya riƙa sarƙewa da na kusa da shi.

Idan aka yanka silin gashi mai murɗe aka duba bakinsa da madubin likita, ba zagaye yake sosai ba, ya fi kama da ƙwai. Wuraren da silin ya lanƙwasa su ne masu rauni, nan ne yake karyewa. Fatar kai tana fitar da maiƙo nata, to amma maiƙon ba ya iya gangarowa cikin sauƙi a kan sili mai lanƙwasa da yawa. Wannan ne ya sa bakin gashin yake bushewa ko da gindinsa yana da maiƙo.

Wani bincike da Geneviève Loussouarn ta wallafa a shekarar 2001 ya nuna cewa gashin 'yan Afirka da aka auna yana tsiro da kimanin milimita 0.26 a rana, wato ƙasa da santimita 1 a wata. Ke nan abin da ya karye cikin mako guda na sakaci yana iya ɗaukar watanni kafin ya dawo. Mutum kuma yana zubar da sili 50 zuwa 100 a kowace rana ko da lafiyarsa ƙalau. A cikin kitso waɗannan silin ba sa faɗuwa, suna maƙale har ranar tsifa.

Abin da ke sa kitso ya tashi

Abubuwa huɗu ne suka fi jawo shi. Na farko bushewa, domin busasshen sili ba ya kwanciya. Na biyu gogayya da matashin kai, da kallabi, da hijabi, musamman na auduga, wanda yake tsotse mai yana kuma jan ƙananan gashi. Na uku jiƙa kai a kai a kai: sili yakan kumbura idan ya sha ruwa, ya koma murɗensa na asali, idan ya bushe sai bakinsa ya leƙo waje. Na huɗu sabon tsiro, wanda yake sassauta gindin kitso a hankali. Na ƙarshen nan ba shi da magani, alama ce kawai ta cewa lokacin tsifa ya kusa.

Yanayin Illela

Illela tana kimanin kilomita 80 arewa da birnin Sakkwato, tana fuskantar Birnin Ƙonni na Jihar Tawa a Jamhuriyar Nijar. Ƙidayar shekarar 2006 ta ba ƙaramar hukumar mutum fiye da 150,000. Yankin Sahel ne, kuma kowane lokaci na shekara yana zuwa da tasa matsalar.

Da hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, busasshiyar iska tana kaɗowa daga Sahara ɗauke da ƙura. Gashi yana rasa danshinsa da wuri, ƙura kuma tana manne wa man da aka shafa. Da bazara, daga Maris zuwa Mayu, zafi yakan wuce digiri 40 a ma'aunin Salshiyos, gumi ya taru a ƙarƙashin kallabi da hijabi, ƙaiƙayi ya ƙaru. Da damina, daga Yuni zuwa Satumba, laimar iska ce ke kumbura gashi, kitso ya tashi da wuri. Don haka yawan man da ya dace da Janairu ya yi wa Afrilu yawa.

Kafin kitso

Rabin aikin ana yin sa ne kafin a fara kitso. Ana wanke kai, a cire tsohon mai da datti. Mata da yawa suna amfani da karkashi (Ceratotheca sesamoides), wanda ake jiƙa garinsa a ruwa har ya yi yauƙi. Yauƙin yana sa sili ya zame a kan ɗan'uwansa, taza ta yi sauƙi, karyewa ta ragu. Wasu suna wanki da garin ganyen magarya, wasu da sabulun salo, wasu da shamfu. Fatar kai da gashi sun fi zama lafiya da abin da ke da ɗan tsami kaɗan. Kanwa da sabulu mai kaifi kishiyar haka ne, suna ɗaga ɓawon sili. Shi ya sa ake tsarma sabulun salo da ruwa sosai, a kuma ɗauraye da kyau.

Ana taje gashi yana da ɗan danshi, da mataji mai faɗin haƙora, a fara daga baki a gangara zuwa gindi. Bayan haka a shafa mai, a bar shi ya sha iska. Kitsa jiƙaƙƙen gashi yana jawo wari, kuma silin yakan ƙanƙance idan ya bushe, kitson ya ƙara ɗamewa.

Lokacin kitso

Akwai fahimtar da ta yaɗu cewa sai an ja kitso sosai yake daɗewa. Ja yana sa kitso ya fito tsaf a ranar farko, amma kuɗinsa gashin goshi ne. Alamomin cewa an ja fiye da kima su ne ciwon kai, da fatar goshi da ta miƙe, da ƙananan ƙuraje a kan tsaga, da kasa kwanciya a daren farko. Idan aka ga haka, abin da ya dace shi ne a sassauta ko a kwance layukan gaba. Manyan kitso sun fi ƙanana sauƙi a kan fata, haka ma canja hanyar tsaga daga wannan kitso zuwa wancan yana hutar da wurin da aka saba ja.

Bayan kitso

Mai ba ruwa ba ne. Aikinsa shi ne ya tare danshin da ke cikin sili, ya kuma kwantar da ɓawonsa. Saboda haka ana fara yayyafa ɗan ruwa a kan kitso, sannan a murza mai kaɗan a tafin hannu a shafa, ana bin hanyar da kitson ya kwanta. Shafa kishiyar hanyar tana tayar da gashi. Da hunturu ana iya yin haka kullum ko bayan kwana biyu, da bazara a rage. Idan aka taɓa kai hannu ya fito sharkaf da mai, an zuba fiye da buƙata.

Da dare ana ɗaure kai da ƙyalle mai santsi, kamar siliki ko satin. Da rana kuma wasu suna sa hula mai santsi a ƙarƙashin kallabi ko hijabi. Idan kitso ya ɗan tashi, ana shafa ruwa da mai, a ɗaure da ƙyalle na ɗan lokaci, sai gashin ya koma ya kwanta.

Wanke kai da kitso yana yiwuwa. Ana tsarma sabulu, a bi tsaga da tafin yatsu ba da farce ba, a ɗauraye, a matse ruwan da tawul ba tare da gurzawa ba. Muhimmin abu shi ne kitson ya bushe har ciki kafin a rufe shi. Wannan ya shafi wankan ibada ma. A mazhabar Malikiyya, wadda aka fi bi a yankin, ba a wajabta wa mace kwance kitsonta don wanka ba matuƙar ruwa yana kaiwa gindin gashi, kuma malamai suna kafa hujja da hadisin Ummu Salama. Kitson da aka ɗame har ruwa ba ya shiga shi ne ake cewa a kwance.

Mayukan da ake amfani da su

Man kaɗanya: ana samun sa daga 'ya'yan kaɗanya (Vitellaria paradoxa). Itacen ya fi yawa a kudu da Sakkwato, kamar jihohin Neja da Kwara da Kebbi, don haka fatake ne suke kawo man. Yana da kauri, ya dace da hunturu.

Man shanu: matan Fulani ne suke kawo shi. Yana sa laushi, amma yana saurin canja wari cikin zafi, don haka an fi shafa shi kafin wanki.

Man kwakwa: binciken Rele da Mohile na shekarar 2003 a Indiya ya nuna cewa yana ratsa cikin sili, yana rage asarar sinadarin da aka gina gashi da shi, abin da man da ake tacewa daga fetur bai yi ba.

Man alayyadi, man riɗi da man zaitun: sun fi man kaɗanya ruwa-ruwa, suna saurin bin jikin kitso.

Basilin: daga fetur ake samun sa. Yana tare danshi sosai, yana ba da sheƙi nan take, amma ba ya shiga sili, kuma ƙura tana manne masa.

Irin waɗannan kaya suna shiga hannun jama'a ta kasuwanni kamar kasuwar Illela, wadda ke ci ranar Lahadi, inda 'yan kasuwa daga ɓangarorin iyakar biyu suke haɗuwa. An rufe iyakar a watan Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, aka sake rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023.

Tsawon kwana da tsifa

Zane da shuku na gashin mutum kaɗai sukan yi mako ɗaya zuwa biyu. Ƙananan kalaba da kitson da aka yi da ƙari sun fi daɗewa, amma ana ba da shawarar kada su wuce mako 6 zuwa 8. Ƙarin da ake sayarwa yawanci zaren roba ne, irin Kanekalon, wanda kamfanin Kaneka na Japan ya fara yi a shekarar 1957. Yana ƙara wa gindin gashi nauyi, wasu kuma yana sa musu ƙaiƙayi. Mata da yawa a ƙasar Hausa ba sa amfani da shi saboda hanin da ya zo a addini game da ƙarin gashi.

Ana fara tsifa daga baki, da tsinke ko wutsiyar mataji, bayan an shafa mai. Dunƙulen datti da ke taruwa a gindin kowane kitso ana warware shi da yatsu kafin ruwa ya taɓa shi, in ba haka ba gashin ya cukurkuɗe. Gashin da ke fita a ranar yawancinsa wanda ya riga ya zube ne. Barin kai ya huta na 'yan kwanaki kafin sabon kitso yana taimaka wa fata.

Matsalolin lafiya

Babbar illar kitso mai ɗamewa ita ce cinyewar gashin goshi da gefen kunne. Binciken da Nonhlanhla Khumalo da abokan aikinta suka wallafa a shekarar 2007 a Afirka ta Kudu ya samu wannan matsala a jikin kashi 31.7 cikin ɗari na matan da aka duba, da kashi 17.1 na 'yan mata 'yan makaranta. Haɗarin ya fi yawa idan aka ja gashin da aka miƙar da man miƙar da gashi. Idan aka daina ja da wuri gashin yana dawowa. Idan aka ɗauki shekaru ana yi, gindin gashin yakan mutu, wurin ya zama sanƙo na dindindin. Yara sun fi shiga haɗari, domin sau da yawa ana ɗaukar kukansu a wurin kitso a matsayin rigima kawai.

Amosani yana da alaƙa da wani ƙwayar halitta mai suna Malassezia da ke rayuwa da maiƙon fata, don haka lafta mai a kan fatar kai yana iya ƙara shi. Ƙwarƙwata da makero kuwa suna yaɗuwa ta mataji da kallabi da ake aro, shi ya sa ake so kowa ta je wurin makitsiya da nata kayan. Ƙuraje masu ruwa, ko wurin da gashi ya cire ya bar fili, ko ƙaiƙayin da ya ƙi tafiya bayan wanki, abubuwa ne na zuwa asibiti, ba na ƙarin mai ba.