Kyamarar Da Ke Barci In Dare Ya Yi

Shekara 22 ke nan ina zaune a Kwatano ina sayar da shadda da atamfa, shago a gefen kasuwar Dantokpa, sito kuma can wajen Zongo. Na ga asara iri-iri a wannan zama: ta ruwan sama, ta canjin kuɗi, har da ta rufe iyaka da Najeriya ta yi a 2019. Amma wadda ta fi tsaya mini a rai wata siririyar waya ce mai ruwan toka ta jawo ta, irin wadda ake ja daga akwatin intanet zuwa kwamfuta ko kyamara. Saura ƙiris ta raba ni da ɗan yayata.

Wata safiya na shiga sito sai na ga gurbin dila 2 na shadda, waɗanda na bari da yamma da idona. Ba a fasa ƙofa ba, ba a ɓalle kwado ba. Ban tayar da hankalina ba da farko, don watanni kaɗan kafin nan na sa an kafa mini kyamara 4 a siton. Na zauna na mayar da hoton daren baya. Uku suna nuna komai lafiya lau. Ta huɗun, wadda ke kallon ƙofar baya ta cikin lungu, hotonta ya yanke jim kaɗan bayan magariba, bai dawo ba sai da gari ya waye. Yaron shi ke kwana a ɗakin gaban siton, shi ke riƙe da makulli, akwatin da ke naɗar hotunan ma a ɗakinsa yake. To kai ɗan'uwa, in kai ne me za ka ce?

Ban ce masa ɓarawo ba. Makullin kawai na karɓa, na mayar da shi shago ɗaukar kaya. Shi ma bai ce uffan ba, sai dai ya daina cin abinci tare da yarana. Kwana uku sai ga kiran Yaya daga Maraɗi. "Alhaji, in yaron nan ya yi maka wani abu ka faɗa mini. In kuma bai yi ba, ka sa mini shi a mota."

Wani maƙwabcina ne ya ce kafin in yanke hukunci in kira mai gyara, amma ba wanda ya kafa ba. Ya turo mini wani dattijo ɗan ƙasar nan, muka yi da ɗan Faransancin kasuwa da nake ji. Abu na farko da ya ce in yi ya ba ni kunya, don ko yaro ya kamata ya yi tunaninsa: in mayar da hoton zuwa daren shekaranjiya, da na makon jiya, da na watan da ya wuce. Kowane dare haka take yi. Da duhu ya shiga ta mutu, da gari ya waye ta farfaɗo. Ni kuwa da rana kaɗai nake leƙa ta, ban taɓa lura ba.

Sai ya yanke ɗan guntun wayar, ya feɗe robar, ya zaro sili ɗaya ya kankare shi da wuƙa. Jan da ke sama ya tafi, fari fat ya bayyana a ƙasa. Ya miƙo mini ya ce, "Alaji, ga ɓarawonka na farko."

Abin da ke cikin wayar

Tun daga ranar na shiga tambaya da karance-karance, don ba na son a sake yi mini irin wannan. Wayar nan in ka feɗe ta sili 8 ne a ciki, an murɗe su biyu-biyu kamar tufkar igiya. Murɗin ba ado ba ne, shi ke hana hayaniyar wutar lantarki da ke kusa ta ɓata saƙon da ke wucewa. Tsarin da take aiki da shi ana ce masa Ethernet. A 1973 aka faro shi a kamfanin Xerox da ke Amurka, daga baya ƙungiyar injiniyoyi ta IEEE ta yi masa ƙa'ida mai lamba 802.3. Albarkacin wannan ƙa'ida ce kyamarar da aka ƙera a Chaina take fahimtar akwatin da aka ƙera a wata ƙasar, kamar yadda yadi yake yadi ko a Kantin Kwari ko a Dantokpa.

A jikin robar za ka ga an rubuta Cat5e ko Cat6 ko Cat6A. Daraja ce, kamar yadda muke da darajar shadda. Cat5e tana ɗaukar gigabit 1, wato megabit 1,000 a daƙiƙa, har tsawon mita 100. Cat6 tana iya gigabit 10 amma a gajeren zango, kamar mita 55. Cat6A ce ke kai gigabit 10 ɗin har mita 100. Gaskiyar magana, shagon ɗan kasuwa irina Cat5e ta gaske ta ishe shi har ta yi yawa. Mita 100 ɗin nan kuwa iyaka ce, in tafiyar ta wuce haka sai an sa akwatin raba layi a tsakani.

Sharaɗin duka wannan shi ne silin ya zama jan ƙarfe zalla. Wadda aka ja mini alminiyom ce, irin na tukunya, aka shafa mata jan ƙarfe a sama. Masu harkar suna ce mata CCA. Alminiyom kuwa wajen kashi 60 cikin 100 kawai yake ɗauka na wutar da jan ƙarfe mai kauri ɗaya da shi zai ɗauka.

A nan gizo ke saƙar. Kyamarorin zamani ba a ja musu wayar wuta daban, waya ɗaya ce ke kai musu wuta ta kuma dawo da hoto. Ana kiran tsarin PoE, ƙa'idarsa ta farko ta fito a 2003 da wat 15.4, ta 2009 ta kai wat 30. Da rana kyamara wuta kaɗan take ci. In duhu ya yi sai ta kunna 'yan fitilun nan jajaye da take gani da su cikin dare, cinta ya ƙaru. Kyamarori ukun da ke kusa da akwati wutar na isar su ko da wayar ba ta kirki ba ce. Ta ƙofar baya kuwa sai da aka zagaya da wayarta ta bayan gini, ta haura mita 80. Kafin wutar ta isa ta zube a hanya, kamar ruwa a tsagaggen tulu. Da fitilun sun nemi kamawa sai kyamarar ta ɗauke. Ga kuma iskar teku mai gishiri da muke sha a garin nan, wadda ke cin alminiyom a bakin kan wayar.

Abin da ya fi ba ni haushi, ranar da aka gama aikin yaron da ya ja wayar ya nuna mini wata 'yar na'urar gwaji, fitila 8 suna kamawa ɗaya bayan ɗaya, ya ce ka gani Alhaji, komai daidai. Ashe ita na'urar abin da take faɗa kawai shi ne silin bai tsinke ba kuma an jera shi daidai. Ba ta san jan ƙarfe ba, ba ta san alminiyom ba. Ban ma tabbata shi kansa yaron ya sani ba. Ni ne na matsa masa ya samo mai sauƙi, ya samo kwalin da bai kai rabin kuɗin ɗayan ba, na yi ta murna na yi ciniki. Araha dai ba ta ado.

Gane ta ba wuya. Ka ce a yanko maka kamu ɗaya kafin ka biya. Ka kankare sili da reza, in ka ga fari ka ajiye. Ko ka kara masa wutar laita: jan ƙarfe zai yi ja ya tsaya a miƙe, alminiyom kuwa nan da nan zai langaɓe, don shi a digiri 660 yake narkewa, jan ƙarfe sai ya haura 1,000. Sannan ka ɗaga kwalin. Cikakken kwali mita 305 ne, kuma alminiyom bai kai sulusin nauyin jan ƙarfe ba, saboda haka in ka ɗaga biyu hannunka zai gaya maka. Mu da muke gane shadda da shafawa ido rufe, bai kamata wannan ya gagare mu ba.

To me ya hana a bi ta iska?

Wannan ita ce tambayar da babban ɗana ya yi mini: Baba, me ya sa ba za a sa masu Wi-Fi a huta da jan waya ba? Na kai wa dattijon tambayar, ya yi dariya ya ƙwanƙwasa ƙofar ƙarfen siton. Wi-Fi rediyo ne, kuma ƙarfe bango ne a wurinsa. Rufin kwano, ƙofar ƙarfe, kwantena, kankare mai rodi a ciki, duk suna tare shi. Ruwa ma yana shanye shi, har da jikin mutane in sun cika wuri. Kuma kyamarar Wi-Fi ɗin ma ai sai ta ci wuta, ka ga ba a rabu da Bukar ba.

A gida kam Wi-Fi ne sarki, don ba wanda zai ɗaura wa wayar hannu igiya. Shi ma yana da ƙa'idarsa, 802.11, wadda ta fara a 1997 da megabit 2 kacal. Yanzu an sauƙaƙa sunayen, a jikin kwalin rawuta za ka ga Wi-Fi 4 ko 5 ko 6, har 7 ta fito. Abin da ya fi amfanar mai gida shi ne ya san yawancinsu tasha biyu suke watsawa, 2.4 da 5. Ta 2.4 ta fi nisa, ta fi ratsa bango, amma cunkoso ya yi mata yawa: hanyoyi 3 ne kawai a cikinta da ba sa hawa kan juna, 1 da 6 da 11, kuma a gidan haya irin namu na Zongo kowane ɗaki da nasa akwatin, kowa na ihu a kan kowa. Ta 5 ta fi sauri da sarari, sai dai bango biyu ya ishe ta. In ka ga sunan Wi-Fi ɗinka da 5G a ƙarshe, wannan tashar ake nufi, ba 5G ta kamfanin waya ba. Na daɗe ina fariya da ita a majalisa kafin a gyara mini.

Hajiya ta shekara tana ƙorafin in tana kiran bidiyo da 'yan gida hoton sai ya daskare. Mun zagi rezo, mun zagi kamfani. Ashe rawutar ce na kulle a cikin kabad ɗin ƙarfe a falo, wai kar yara su taɓa. Aka fito da ita aka rataye a sama a tsakiyar gida, aka ja waya ɗaya zuwa sashen baya aka sa ta biyu. Magana ta ƙare. Dokar da nake bi yanzu ita ce duk abin da ba ya motsi, kyamara ko kwamfutar lissafi ko talabijin, a ja masa waya, a bar wa wayoyin hannu iskar.

Abu ɗaya da dattijon ya ja mini kunne a kai: kar in kuskura in ja wayar jan ƙarfe ta sama daga gini zuwa gini. Tsawar damina in ta faɗo kusa, ta cikinta za ta bi ta ƙone na'urorin ɓangare biyun. Tsakanin gini da gini wayar gilashi ake sawa, wadda suke kira fayiba, don haske take ɗauka ba wuta ba. Wadda za ta sha rana kuma a nemi mai baƙar roba ta waje, kar a haɗa ta bututu ɗaya da wayar lantarki.

Ita iskar ma ai ƙarshenta waya ce. Wanda ke nan gaɓar teku zai tuna 14 ga Maris 2024, cikin azumi, ranar da manyan wayoyi 4 na ƙarƙashin teku, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace ta wajen gaɓar Kodebuwa. Daga nan har Gana da Najeriya intanet ya yi ta ɗingishi, tura kuɗi ya gagara. Alamar Wi-Fi cike take a wayoyinmu, amma ko gaisuwa ba ta fita.

Ina da magana da 'yan'uwanmu masu zuwa Guwanzu suna lodo kayan lantarki. Na san wasunku kwalayen nan suna cikin kayanku, kuma na san a can ana tambayar mutum wacce yake so a zuba masa, da abin da yake so a buga a jikin kwali. Sayar da mai araha ba laifi ba ne in ka faɗa wa mai saye abin da ke ciki, ya ja ta mita 10 daga rawuta zuwa talabijin, wataƙila ta yi masa shekaru. Amma a buga mata Cat6 a miƙa wa mutum a matsayin jan ƙarfe, wannan algus ne, daidai da zuba tsakuwa a buhun wake. Kai riba ka gani a kwali. Ba ka san a gidan wa za ta je ta haɗa faɗa ba.

A daren da muka gano abin na kira yaron ɗakina, na ajiye masa guntun wayar da makullin a gabansa, na ce ya yafe mini. Ya daɗe kansa a ƙasa, sannan ya ce, "Kawu, ba komai." Na san da komai. Sai da ya yi wata guda kafin ya koma cin abinci da yaran, Yaya kuwa har yau in mun yi waya sai ta tambaye ni lafiyar kyamara.

Da aka zo sake jan wayar shi ya riƙe wa dattijon tsani, kuma daga nan ya maƙale masa. Yanzu rabin yini yake yi mini a shago, rabi yana bin sa aiki. Ya haddace jerin launukan da ake bi in za a matse kan waya, yana karanto su yana aiki: fari da ruwan goro, ruwan goro, fari da kore, shuɗi, fari da shuɗi, kore, fari da ruwan ƙasa, ruwan ƙasa. Reza kuma ba ta rabuwa da aljihunsa.

Dila biyun dai ba a gan su ba har yau. Na sauya kwadon ƙofar baya. Ragowar tsohuwar wayar Hajiya ta ɗaure ta a tsakar gida tana shanya a kai.