Kafin a bi makin jirgin sama, a fara ƙidaya kuɗin aljihu

A ƴan kwanakin nan masu saurare sun yi ta kiranmu a gidan rediyo, yawancinsu ƴan kasuwa ne masu zuwa Dubai, Santambul da Gwanju saro kaya. Tambayarsu ɗaya ce: katin nan na tara maki da kamfanonin jirage ke yi wa talla, gaskiya ne ko kuwa romon baka?

Katin gaskiya ne. Ethiopian Airlines na da ShebaMiles, Turkish Airlines na da Miles&Smiles, Royal Air Maroc kuma Safar Flyer. Rajista kyauta ce, kuma duk tafiyar da aka yi ana zuba maki a lambar mai katin. Wata Hajiya ta Kasuwar Dole a Damagaram ta shaida mana cewa ta taɓa zuwa Umra da makinta. Amma da muka matsa mata, sai ta ce "kyautar" ta ci mata kuɗi masu kauri. Dalili kuwa, maki na biyan kuɗin kujera ne kawai. Harajin filin jirgi da ƙarin da kamfani ke ɗorawa, daga aljihu ake fidda su. Kujerun kyautar ma ƙidayayyu ne a kowane jirgi, kuma a lokacin azumi, sa'ad da kowa ke son tafiya, samunsu sai an sha wuya.

Akwai wani wurin da ake yawan faɗawa. Tikiti mai araha maki kaɗan yake kawowa, wani ma ba ya kawo ko ɗaya. Sai mutum ya ƙara jika talatin ko hamsin a kan tikiti don ya samu maki, alhali abin da makin zai saya masa bai kai abin da ya ƙara ba. An ba da tunkiya an karɓo kaza ke nan. Ga shi maki na da wa'adi: na Miles&Smiles shekara 3 ne, in ba a yi amfani da shi ba ya ƙone. Mai tafiya sau ɗaya a shekara da wuya ya tara na tikiti kafin na farko ya tashi. Kamfani kuma na da ikon ƙara yawan makin da tikiti ke ci, ba tare da shawarar kowa ba.

Mu a ganinmu, ribar ɗan kasuwa tana cikin kilo. Wanda ya kai matakin zinariya a Ethiopian ko Turkish, da yake dukansu suna cikin ƙawancen Star Alliance, ana ƙara masa nauyin kaya, sai dai a tikiti mafi araha wani lokaci ba a bayarwa. Mai ɗauko atamfa, takalma da wayoyin salula ta san darajar jaka ɗaya ta ƙari. To amma matakin ba ya samuwa sai da tafiye-tafiye masu yawa, kuma in aka rage tafiya sai a sauke mutum.

A duba kuma ko jirgin na sauka Yamai. Air Afrique ya rushe a 2002. Air France ya dakatar da zuwa Yamai a watan Agusta na 2023, mai makinsa kuwa sai ya fara zuwa wata ƙasa kafin ya more shi.

Na ƙarshe su ne ɓarayin WhatsApp. Saƙo zai zo da hoton jirgi, wai kamfani na bikin cika shekaru yana rabon tikiti, a tura wa mutum 20, a aiko da "kuɗin rajista" ko lambar fasfo. Kamfanin jirgi ba ya raba tikiti ta haka. A tafi ofishinsa a tambaya. In kuma wakilin tafiye-tafiye ne ke yanko maku tikiti, ku ce ya nuna maku lambar katinku a jikin takardar tun kafin ku biya, sunan kuma ya zo daidai da na fasfo, harafi da harafi.