Kaji a Majami'a, Kibiya a Kan Dutse: Abubuwan Mamaki na Hanyar Santiago

A arewa maso yammacin Sifaniya akwai birnin Santiago de Compostela, inda mabiya ɗarikar Katolika suka yi imani an binne Yakubu ɗan Zabadi, ɗaya daga cikin manzannin Yesu Almasihu goma sha biyu. Sama da shekara 1,000 ke nan mutane suna taka sayyada zuwa kabarinsa. Hanyar da ta fi suna tana tashi ne daga garin Saint-Jean-Pied-de-Port na Faransa, ta haura duwatsu ta miƙe yamma, tafiyar kusan kilomita 800. Mai ƙarfin ƙafa yakan gama ta cikin wata guda da 'yan kwanaki.

Kabarin kansa sau biyu yana ɓata. A Urushalima Sarki Hirudus ya sa aka kashe Yakubu da takobi, wajen shekara ta 44. Labarin da aka gada ya ce almajiransa ne suka sa gawar a jirgin ruwa suka kai ta gaɓar Galisiya, yankin da Santiago yake, aka binne, aka manta. Sai a farkon ƙarni na 9 wani mai ibada a daji, Pelayo, ya ce ya ga haske a wurin, aka gano kabarin. A 1589 kuma, da aka ji tsoron harin jiragen Francis Drake na Ingila, sai aka ɓoye ƙasusuwan, aka kuwa ɓoye su da kyau har aka rasa wanda ya san inda suke. Kusan shekara 300 maziyarta suna zuwa ba a san takamaiman wurin ba, sai a 1879 aka tono su a bayan bagadin majami'ar Santiago. Paparoma Leo na 13 ya amince da su a 1884.

Ƙararrawoyin majami'ar ma sun yi tasu tafiyar. A 997 Al-Mansur, mai riƙe da ragamar mulkin Andalus, ya ci birnin da yaƙi, ya rusa majami'ar, amma bai taɓa kabarin ba. Marubuta tarihi sun ce an ɗora wa fursunoni Kiristoci ƙararrawoyin a kafaɗa har Kurɗuba, aka mai da su fitilu a babban masallacin birnin. A 1236 Sarki Ferdinand na 3 ya karɓe Kurɗuba, ya sa fursunoni Musulmi suka mayar da su. An rubuta sunayen shugabannin biyu, amma babu wanda ya rubuta sunan ko mutum ɗaya cikin bayin Allahn da suka ɗauki wannan ƙarfe, zuwa da dawowa.

A garin Santo Domingo de la Calzada da ke kan hanyar, mai addu'a a babbar majami'a yana iya jin zakara ya yi cara a kansa. Zakara ne na gaske, fari fat, shi da kazarsa, a wani akurki da aka gina musu a jikin bango. Asalin abin, in ji mutanen garin, wani saurayi Bajamushe ne da ya zo ziyara tare da iyayensa. 'Yar mai masauki ta nuna tana son sa, ya ƙi, sai ta cusa kofin azurfa a jakarsa ta yi kururuwar ɓarawo. Aka rataye shi. Iyayen suka wuce Santiago, da suka dawo suka tarar da shi da rai a kan igiya. Suka ruga wurin alƙali, suka same shi zai ci gasassun kaji. Ya ce ai ɗansu yana raye kamar yadda kajin nan suke raye. Nan take kajin suka miƙe a faranti, gashi ya fito musu, zakaran ya yi cara. Ana canja kajin majami'ar a kai a kai don kada zaman ya gajiyar da su.

Wanda ya fi burge ni a duk labarin hanyar nan ba sarki ba ne. Wani fada ne na ƙauyen O Cebreiro da ke kan tsauni, Elías Valiña. A zamaninsa hanyar ta kusa mutuwa, ciyawa ta rufe wasu sassan, kwalta ta haɗiye wasu, baƙo bai san inda zai bi ba. Ya yi digirin digirgir a kan tarihinta, sannan wajen 1984 ya ɗauki gwangwanayen fenti ruwan ɗorawa, irin na masu aikin titi, ya zuba a 'yar motarsa, ya riƙa zana kibiya a jikin dutse da bishiya da bangon gida, tun daga iyakar Faransa har Santiago. Ya rasu a 1989, bai ga cikar abin da ya fara ba. A 1985 waɗanda suka karɓi takardar kammala tafiyar ba su kai 1,000 ba. A 2023 sun haura 440,000, kuma kowannensu kibiyar fadan nan ya bi.

Ita takardar, da Latin ake rubuta ta har yau, kuma ana ba da ita ga wanda ya yi aƙalla kilomita 100 zuwa Santiago da ƙafa ko a kan doki, ko 200 a keke. Shaidarsa wani ɗan kundi ne da ake buga masa hatimi a majami'u da masaukai da gidajen abinci. Wannan ƙa'ida ta tayar da garin Sarria, wanda tsakaninsa da Santiago ya ɗan haura kilomita 100: a nan aka fi fara tafiyar. Waɗanda suka taso daga Faransa sukan yi musu kallon 'yan ta-more, ni kuwa ban ga laifin tsohuwar da iyakar abin da gwiwarta za ta iya ke nan ba.

A kan hanyar, kusa da garin Estella, akwai famfo biyu a jikin bangon wani kamfani: ɗaya ruwa, ɗaya giyar inabi, duka kyauta. A kan tsaunin León kuma akwai gicciyen ƙarfe bisa dogon itace, ƙarƙashinsa tulin duwatsu. Kowa yakan taho da ɗan dutse daga garinsu ya ajiye a nan, alamar ya sauke wani nauyi da ke zuciyarsa.

Wasu ba da son ransu suka zo ba. A tsakiyar zamanai kotunan yankin Flanders sukan yanke wa mai laifi hukuncin tafiya Santiago da ƙafa, ya dawo da shaida. A 1982 wata ƙungiya a Beljiyam mai suna Oikoten ta farfaɗo da dabarar: matashin da ya kangare yakan yi tafiyar ta watanni tare da babba guda ɗaya, maimakon zaman gidan gyaran hali.

A cikin majami'ar Santiago akwai kaskon turaren wuta, sai dai shi tsawonsa mita ɗaya da rabi ne, nauyinsa ya wuce kilo 50. Maza takwas ke jan igiyarsa, yana lilo daga wannan gefe zuwa wancan har ya kusa taɓa rufi, gudunsa yana haura kilomita 60 a awa. An ce tun asali har da warin jikin matafiyan da ke kwana a ciki ya sa aka yi shi da girma haka. A 1499 igiya ta tsinke a gaban Gimbiya Catherine ta Aragon, kaskon ya yi waje.

A wannan shekarar ce, 1499, Sarki Ferdinand da Sarauniya Isabella suka ba da umarnin gina asibitin maziyarta a gefen majami'ar. Yau ginin otal ne na masu hannu da shuni, amma har yanzu kullum yana ciyar da maziyarta goma kyauta.

Littafin jagoran hanyar tun ƙarni na 12 aka rubuta shi, yana cikin kundin da ake kira Codex Calixtinus. Marubucinsa ya lissafa zango-zango, ya faɗi kogin da ake sha da wanda ba a sha, har ya ba da labarin wasu mutanen Navarra da ya gani a bakin kogin Salado suna wasa wuƙa, suna jiran dokin baƙo ya sha ya faɗi su feɗe shi. A watan Yulin 2011 kundin ya ɓace daga ma'ajiyar majami'ar. Aka yi ta zargin manyan ɓarayin kayan tarihi na ƙasashen waje. Bayan shekara guda 'yan sanda suka same shi a naɗe cikin leda, a garejin wani mai gyaran wutar lantarki da ya daɗe yana wa majami'ar aiki, a wani gari da ke daf da Santiago. A gidajensa kuma suka tarar da tsabar kuɗi sama da Yuro miliyan 1.