Sabon Inji, Tsohon Tiyo: Hattara Masu Motocin Daji

Da zarar mota ta bar kwalta a Dakoro ta nufi Sakabal, Bermo ko Gadabeji, rairayi ne zai karɓe ta. Shi ya sa Hilux da Land Cruiser suka mamaye wannan hanya, shi ya sa kuma hirar direbobi a tasha ba ta wuce ƙarfin inji. Wanda injinsa ya gaji yakan aika Maraɗi ko Kano a sayo masa ɗan Kwatano, sau da yawa ma wanda ya fi na asali girma. A ɗora inji, a gyara giya, a canja lagireto, sai a zo kan tiyon mai a ce na da ɗin ma ya isa. In bai kai ba, a ƙara da duk abin da hannu ya taɓa a gareji. A nan ne mota mai tsada take samun ajalinta, ta hanyar abin da ya fi komai araha a jikinta.

Mu fara da faɗin tiyo. Injin fetur, idan an take shi har ƙasa, yana shan kusan kashi ɗaya cikin uku na lita a awa guda a kan kowane doki na ƙarfinsa. Land Cruiser mai injin V6 na lita 4 ta haura doki 200, wato idan ta shiga rairayi mai zurfi da buhuna da fasinja, tana iya neman fiye da lita ɗaya a kowane minti. Tiyon da aka fi samu a shaguna kuwa ramin cikinsa milimita 6 ne, ko 8, ko 10. A ido tsakanin 6 da 8 ba wani abu ba ne, amma sararin da ke cikin na 6 ɗan kaɗan ya wuce rabin na 8. Motar da aka sa wa ƙaramin tiyo za ta tashi lafiya, ta yi gudu a kan kwalta lafiya. Sai an zo hawan tudun rairayi, lokacin da ake buƙatar ta, ta fara shaƙewa tana fizga. Direba ya zagi mai sayar da mai, ya canja famfo, ya canja fulogi, cutar tana nan. Injin da mai bai ishe shi ba kuma zafi yake ƙarawa, har ya kai ga ƙona bawul ko fistin.

Mafi yawan motocinmu milimita 8 ke gamsar da su, na 10 sai injin da ya fi waɗannan ƙarfi nesa ba kusa ba. Abin bi shi ne bakin bututun ƙarfen da ke jikin tanki da filta da famfo: girmansa ne girman tiyon. Wanda ya fi shi faɗi zai yi sako-sako ya riƙa ɗiga, komai matsin da aka yi masa. A kuma tuna cewa wuri mafi ƙunci shi ke yanke hukunci. Tiyo mai kyau da aka haɗa tsakiyarsa da guntun bututun biro, ko ya lanƙwashe a wata kwana, ya koma ƙarami.

Sai dai abin da ya fi faɗin tiyo haɗari shi ne matsin mai, kuma shi mutane ba su cika sani ba. Tsohon inji mai kafireta matsin famfonsa bai kai rabin bar ba. Injin fetur mai injekta kuwa, famfonsa na lantarki yana turo mai da bar 3 zuwa 4. Idan aka cire mai kafireta aka ɗora mai injekta a kan tsohon tiyo, an ninka masa nauyi fiye da sau shida. Tsohon tsari idan ya tsage ɗiga yake yi, sabon kuwa feshi yake yi, feshin kuma a kan inji mai zafi.

Tiyon kirki yana da rubutu a jikinsa, ko wanda bai yi boko ba zai iya sa yaro ya karanta masa. Za a ga SAE J30, sai harafin R da lamba. R6 da R7 na kafireta ne da layin da ke mayar da ragowar mai tanki. R9 shi ne na injekta. R10 shi kaɗai ke jure zama tsundum cikin fetur, don haka shi ake sa wa famfon cikin tanki. Wanda babu rubutu a jikinsa, a ganina a bar wa mai shago kayansa. Farin tiyon ruwa da ake hango mai a cikinsa fetur na busar da shi ya ƙage, ya zame daga bakinsa. Na tukunyar gas ma ba don wannan aiki aka yi shi ba. Bututun tagulla na da daɗin lanƙwasawa, amma girgizar hanya na taurara shi har ya tsage.

Leƙa ƙarƙashin wasu motocin kasuwa ka ga ɗauri. An murɗa waya a bakin tiyo da filaya har ta nutse cikin roba, an naɗe saman da tsinken tsohon tif, ƙura ta manne a wurin ta yi baƙi ƙirin saboda jiƙa. Ka ce, "Maigida, nan fa na zuba." Ya ce, "Haba Malam, gumi ne kawai, shekara nawa muna tafiya da shi." Tiyon mai ba ya gumi. Duk inda ƙura ta jiƙe, mai ne ke fita. Wayar nan yanka robar take yi a hankali, kilif na gaske kuwa, wanda ke matse tiyo ta kowane gefe daidai, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba.

Masu gazuwal nasu ya bambanta. A tsohon injin 1HZ na Land Cruiser famfo zuƙo mai yake yi daga tanki, don haka tsagewar tiyo ba lalle ta nuna ɗigo ba, iska ce ke shiga, mota ta ƙi tashi da safe. Sababbin Hilux masu D-4D kuwa, bututun ƙarfen da ke kai mai ga injekta na ɗauke da matsin da ya haura bar 1,000. Ba a yi masa walda, sabo ake sawa. Kada kuma wani yaron gareji ya laluba shi da yatsa inji na aiki, don feshin na huda fata ya shiga nama, har ya kai ga yanke yatsa.

Hanyar da tiyo ke bi ita ma magana ce. Fetur na kamawa da kansa a zafin da bai kai digiri 300 ba, wuyan salansa kuwa, a lokacin da mota ke fama da rairayi, yana wuce 500. A bar aƙalla taƙi guda tsakaninsu, in wuri ya yi ƙunci a sa faifan ƙarfe ya raba. Ko bai kama wuta ba, tiyon da ke kusa da salansa na tafasa fetur ya zama tururi, famfo kuma ba ya tura tururi. Wannan ce ke kashe mota da tsakar rana a watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Dakoro ke haura digiri 40, ta huta rabin awa ta tashi kamar ba ita ba. Tiyo ya bi ta cikin shasi, inda kututture da dutse ba za su same shi ba, a kama shi da kilif kowane kamu guda. Inda ya ratsa ramin ƙarfe a sa masa zoben roba. Tsakanin shasi da inji a bar masa ɗan sassauci, don inji na motsi. Kada a ɗaure shi tare da wayoyin lantarki.

Akwai ɗabi'ar da ya kamata a ce an daina. Famfo ya mutu a daji, sai a ɗora jarka a kan rufi, a ja tiyo zuwa kafireta. Don a kai gari, an ji. Amma wasu sai su yi wata guda a haka, da mata da goyo a baya, wani kuma yana kunna taba. Fasinjan da ya ji warin fetur a cikin mota yana da ikon ya ce a tsaya, ba rashin kunya ya yi ba.

Bayan damina kuma, busasshiyar ciyawa da ƙarangiya na cushewa tsakanin tanki da salansa. Ɗigon mai a kansu ya isa, kuma wutar ba a mota take tsayawa ba. Makiyayan kwarin Tarka da Bermo sun san abin da gobarar daji ke yi wa abincin dabbobi na shekara guda. A riƙa zaƙule ciyawar nan kowane zango.

Dubawa ba ta cin minti biyar. Da safe inji na sanyi, a murɗa makulli, a sunsuna, a bi tiyo da ido tun daga tanki. A lanƙwasa shi da hannu: in ya nuna tsage-tsage, ko ya yi tauri, ko ya yi laushi ya kumbura, a canja shi gaba ɗaya, ban da faci. In kuma hayaƙi ya taso daga gaba ana cikin tafiya, a kashe makulli nan take don famfo ya tsaya, a fitar da mutane su yi nisa. Kada a wangale bonet, iska ce za ta hura wutar. A ɗaga shi kaɗan a fesa hodar kashe gobara ta ƙasansa. Ruwa yaɗa wutar fetur yake yi, sai dai rairayi, don haka shebur ɗin tonon taya ya zauna inda hannu zai kai gare shi, ba ƙarƙashin buhuna ba.