Murɗar Ciki: Mafarinta da Abin Yi

Ya ku manoman ƙasar Taura, da ku dagatai da masu unguwanni, ku sani murɗar ciki ba cuta guda ba ce, alama ce. Sai an san mafarinta kana a san magani.

Mafi yawa daga ruwa take. Da damina, in kogin Haɗeja ya cika ya malala cikin fadama, ruwa yakan kwashe ƙazantar bayan gari ya zuba cikin kududdufai da rijiyoyin da ba su da murfi. Manomi ya gaji, ya duƙa ya sha, ƙwayoyin cuta waɗanda ido ba ya gani su shiga hanjinsa. Hanji kuwa tsoka gare shi. In ya ji abin da ba ya so sai ya riƙa matsewa don ya fitar. Wannan matsewa ita ce murɗar. Ta wannan hanya amai da gudawa suka yi ɓarna a Jigawa cikin 2021.

Akwai kuma tsutsar ciki, da tuwon da ya kwana ba a ɗumama sosai ba, da waken da aka barbaɗa wa maganin ƙwari. Irin shuka da aka cuɗa da magani kada a ci shi ko kusa. Ƙwayar ciwon jiki da ake sha ba a ci kome ba takan jawo gyambon ciki.

To, in ciki ya murɗa da gudawa, a tafasa ruwa lita 1, ya huce, a zuba sukari ƙaramin cokali 6, gishiri rabin cokali, duka a shafe, ba a tula ba. A riƙa kurɓa kaɗan kaɗan. A sha kunu marar yaji, a ɗora tsumma mai ɗumi bisa ciki, a kwanta. Jariri kuwa kada a hana shi nono. Kanwa da maganin wankin ciki a bar su, gama sukan ƙara wahal da hanji.

Amma fa in ciwon ya tsaya a ƙasan cibiya ta hannun dama, ko ciki ya yi tauri kamar allo, ko aka ga jini, ko mai juna biyu ce, to, wannan ya wuce na gida. Kada a jira ranar kasuwa. Dagaci ya nemi mota a kai shi asibitin Ringim ko Dutse tun bai galabaita ba, kada kuwa a ba shi abinci a hanya, don mai yiwuwa ne likita ya yi masa aiki.